Ina Marubuci Ke Samo Mutanensa?

Ina gaida mutanen Gwaram, Tsohuwa da Sabuwa, da na Sara da Basirka da Fagam da Kila da Farin Dutse, har zuwa Birnin Kudu da ƙauyukanta. Sharhinmu na yau na marubuta ne, amma manomi da mai shago da direba kada su murɗa akwatin rediyonsu, domin da su za a yi. Tambayar ita ce, ina marubuci ke samo mutumin da zai sa a labari, a shekara hamsin ana ambatonsa kamar an taɓa cin tuwo da shi?

Abin da ya tayar da maganar shi ne labaran da yaranmu ke rubutawa yanzu. Alhamdu lillahi ana rubutu, har fiye da da. Ba sai an je Kano wurin maɗaba'a ba, yarinya tana ɗakinta a Gwaram za ta rubuta littafi a waya, ta sake shi shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, wani ya karanta shi da murya a YouTube, mata suna aikin gida suna saurare. Wannan ci gaba ne, ba na raina shi. Sai dai in ka karanta goma, tauraro ɗaya za ka tarar yana sauya riga. Saurayi ne fari, dogo, miskili, ba ya dariya, ya yi karatu a Ingila, likita ne ko matuƙin jirgi ko babban soja, gidansu na Abuja ya fi wata unguwar girma. Yarinyar kuwa marainiya ce kyakkyawa, kishiyar uwa tana gana mata azaba. Ka rufe wayar, bayan sati ɗaya a tambaye ka sunansa, sai ka yi ta lalube. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Marubuciyar ba ta taɓa ganin wannan mutumin ba. A wani littafin ta tsince shi, wanda shi ma ya tsinto shi a fim ɗin Indiya.

Kada a ce na hana aro. Babban marubucinmu ma da aro ya fara. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ya shiga gasar da Ruwan Bagaja. Duk wanda ya karanta littafin nan a firamare ko sakandare, in ka tambaye shi wa ya fi tunawa, da wuya ya ce Alhaji Imam mai neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Malam Zurƙe zai ce maka. Shi kuwa Imam bai ɓoye inda ya samo dabarar ba. Ya faɗa da bakinsa cewa daga Maƙamatul Hariri ya ɗauko ta, littafin nan na malamin Basra wanda ya rasu a 1122, wanda har yau ana karanta shi a zaurukan malamanmu. A can akwai mutum biyu, Harisu mai ba da labari da Abu Zaidu mai wayo da zalaƙar baki, suna ta gamuwa gari-gari, kowane karo Abu Zaidu da sabuwar kama.

To, a nan nake so masu rubutu su buɗe kunne. Abin da Imam ya aro shi ne tsarin, wato mutum biyu masu karo da juna a kowane zango. Amma Zurƙe kansa ba Balarabe ba ne ko kaɗan. Ramuwar gayyarsa ta nan ce, cika-bakinsa na nan ne, yadda yake shan wuya ya tashi ya kakkaɓe riga ya ƙulla wata sabuwa, duk Bahaushe ya san irin mutumin. Akwai shi a kowace tasha, akwai shi a cikin ayarin fatake, akwai shi a cikin gardawan da ke yawon ci-rani. Imam ya tashi a Kagara, ya zauna a Katsina, ɗan gidan malamai ne da ya ga shari'a da fada da kasuwa. Da ya zo zuba mutum a cikin tsarin Hariri, mutanen da ya sani ya zuba. Shi ya sa manomin da bai taɓa jin sunan Basra ba yake dariyar Zurƙe har da hawaye. Yaranmu na yau sun juya abin. Suna aro mutumin ɗungurungum, da fatarsa da motarsa da miskilancinsa, sannan su laƙa masa sunan Hausa.

A gasar nan dai ta 1933 akwai wani malamin makaranta daga maƙwabtanmu Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da littafinsa Shaihu Umar. Ni a wurina ba Shaihun ne ya fi zama a rai ba, mahaifiyarsa ce, matar da aka sace wa ɗa ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba ta sake ganinsa ba sai da ƙarfinta ya ƙare. A lokacin da aka rubuta littafin, shekara 30 kacal da cin Sakkwato. Waɗanda suka ga harin bayi da idonsu, da waɗanda aka raba da 'ya'yansu, suna nan da ransu a garuruwan Bauchi. Marubucin bai buƙaci ya ƙago baƙin cikin uwar nan ba. Yana jin sa a bakin tsofaffi.

Mu sauko zamanin rediyo da talabijin, inda abin ya fi fitowa fili. Samanja Mazan Fama, wa ya manta da shi? Marigayi Usman Baba Pategi da ya fito a matsayinsa, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne na gaske. Ya yi zaman bariki, ya ji yadda samanja ke daka wa kurata tsawa da safe, ya kuma ga yadda wannan samanjan ke komawa gida ya rasa yadda zai yi da rigimar iyali. Abin da ya ɗauko daga bariki ya fi kaki da gashin baki. Harshe ya ɗauko, Hausar nan ta bariki mai cakuɗe da Turancin buroka, wadda ba ta kowace ƙabila ba ce amma kowane soja ya iya ta. Ko daga bayan katanga ka jiyo muryar, ba sai an ce maka wane ne ba. Haka marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Kafin ya shahara ya yi shekaru yana aikin gandiroba. Ku yi tunanin irin mutanen da ke wucewa ta gaban ma'aikacin gidan yari: ɓarawon akuya, ɗan damfara, mai taurin bashi, wanda aka zalunta, wanda ke rantsuwa da Alƙur'ani alhali kayan suna aljihunsa. Ba na cewa daga can ya kwaso duk abin da ya yi a fim, amma mutumin da ya yi irin wannan zama ba zai rasa muryoyi a kansa ba.

Ga gwajin farko da nake ba kowane marubuci. Ɗauki shafin da mutanenka ke hira, ka goge sunayensu, ka miƙa wa ƙanwarka ta karanta. In ta kasa gane wa ke magana, to ba ka da mutane tukuna, kai kaɗai ne kake ta surutu da sunaye daban-daban. Tsohuwar da ta haura saba'in a Fagam ba ta magana irin ta ɗalibar jami'ar Dutse. Bafillatanar da ta kawo nono kasuwa tana da inda take karya Hausa, kuma ba ko'ina take karya ta ba. Wanda ya yi shekara uku yana acaɓa a Legas ya dawo da wasu kalmomi a bakinsa da yake jefawa don a san ya fita. Duk wannan sai da sauraro ake samun sa.

Murya kaɗai kuma ba ta isa ba. Turawan Ingila suna da Sherlock Holmes, ɗan binciken da Conan Doyle ya fito da shi a 1887, wanda ya gina a kan malaminsa na koyon likita a Edinburgh, Dakta Joseph Bell, mutumin da kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa kafin ya buɗe baki. Wannan misali an gaji da kawo shi, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988. A littattafansa uku na birnin Alƙahira da suka fito a 1956 da 1957 akwai wani attajirin ɗan kasuwa, Ahmad Abdul Jawad, wanda ake kira Si Sayyid. A gida dodo ne. Matarsa Amina ba ta leƙa ƙofa, 'ya'yansa maza ba sa iya haɗa ido da shi. Da dare kuwa, a wurin abokai da mawaƙa mata, babu wanda ya kai shi raha da sakin fuska. Har yau a Masar in miji ya cika mulki a gida, da sunan nan ake masa ba'a. Me ya sa ya zauna? Saboda fuska biyu gare shi, kuma duka biyun nasa ne na gaskiya. Ba munafunci yake yi da gangan ba, shi a ganinsa haka namiji yake. Ina tambayar masu sauraro, kuma kada kowa ya dubi maƙwabcinsa: a unguwarku babu irinsa?

Mugu zalla ba ya zama a rai, haka ma nagari zalla. Kishiyar uwar da ke cikin littattafan waya, wadda tun daga shafin farko har na ƙarshe ba ta da aiki sai zuwa wurin boka, ba mutum ba ce. Ka ba ta dalili. Wataƙila ita ma an yi mata kishiya ba shiri, wataƙila tsoron ranar rabon gado ne ke hana ta barci don ba ta haifi namiji ba. Ba a ce ka wanke ta ba. Ka dai bar mai karatu ya ji tsoron cewa da shi ne a wurin, ƙila abin da zai yi ke nan.

Akwai kuma inda marubuci ba ya zuwa ko'ina neman mutum, domin yana cikin rigarsa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13 ko kusa da haka, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilimi da kanta. Da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, ta kawo Abu, yarinyar ƙauye da uba ya hana karatu, saurayin da ta sa rai ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata Sarkin Noma wanda ya haife ta ya yi jika da ita. Zafin da ke cikin littafin nan ba na aro ba ne. Haka Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, uwar 'ya'ya tara da Alhaji Abdu ya kora saboda amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. A 2012 aka fassara littafin zuwa Turanci, kuma a Indiya aka buga shi. Abin lura ke nan: mu muna aro taurari daga Indiya, su kuwa da suka tashi ɗaukar namu, Rabi mai tuwon sayarwa suka ɗauka.

To mu dawo gida. Me marubucin Gwaram yake da shi? Ni ina ganin ya fi na birni arzikin mutane, domin a birni kowa ya shige gida ya ja ƙyaure, a nan kuwa rayuwar mutum a fili take tun daga sunansa har jana'izarsa. Je ka kasuwar Sara ranar da take ci, ka sami gefen rumfa ka zauna, ka sa wa dillali ɗaya ido. Dubi yadda yake kiran mai kaya gefe ya rantse masa cewa kasuwa ta faɗi, riɗi ya yi kwantai, gara ya sallama. Taku goma ya isa wurin mai saye ya rantse masa cewa irin wannan riɗin babu shi ko a Maigatari. Ya ci la'ada nan, ya ci can. Mai gaggawa zai rubuta shi a matsayin macuci ya wuce. Amma zauna har la'asar. Za ka iya ganin wannan mutumin dai ya auna tiya biyu ta gero ya ba yaro ya kai gidan wata gwauruwa, ya ce kada a faɗi wanda ya aiko. Daga nan labari ya fara. Me ya haɗa shi da gidan? Tausayi ne, ko wani tsohon alhaki yake biya a ɓoye? Ba sai ka bincika gaskiyar ba, kai ba ɗan sanda ba ne. Daga inda idonka ya tsaya, ƙirƙira ta karɓa.

Ko ka ɗauki matar ɗan ci-rani. An gama girbi, miji ya ɗaure jaka ya nufi Abuja ko Fatakwal, ya bar mata buhu ɗaya da alkawarin aike. Wata biyar ita ce uwa ita ce uba, ita ke yanke shawarar sayar da tunkiya in yaro ya kwanta ciwo, ita ke biyan kuɗin makarantar allo. Damina ta kawo kai ya dawo, yana so ya tarar da matar da ya bari, mai tambayarsa izinin komai. Ita kuwa ta riga ta ɗanɗani riƙon gida. Wannan rikici yana cikin ɗaruruwan gidaje a kudancin Jigawa, amma ban cika ganin sa a littafi ba. Ga mai unguwa da ke tsakanin talakawansa da hakimi da 'yan siyasa, kowa yana ganin ya sayar da shi. Ga manomi da makiyayi da suka yi shekara ashirin suna amana, ɗaya yana ba da kara ɗaya yana ba da taki, sai ga 'ya'yansu sun tashi da gaba a kan burtali. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya gane wannan tun tuni. Lokacin da manyan makaɗa ke bin sarakuna da attajirai, shi ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, kuma waƙar ta fi ta sarakuna da yawa daɗewa.

Mu ma ba baƙin wannan sana'a ba ne. Duk azumi, daga goma ga wata, yaranmu na fita tashe. Wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya naɗa rawanin tsumma ya zama malam, wani ya rataya tarkace ya zama mai magani. Ku lura da yaron da ya fi ba da dariya. Ba wanda ya fi kayan ado ba ne, wanda ya kama tafiyar wani dattijo na unguwa ne, ko yadda liman ke gyaran murya kafin ya yi magana. Kowa ya gane, ba wanda ya ambaci suna. A gidajen sarauta na da ma akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa, har a gaban masu abin. Kai, ko duwatsun Birnin Kudu shaida ne. Zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masu bincike suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, na shanu ne marasa tozo, irin da ba a kiwo a nan yanzu. Da mai zanen ya zana saniyar da ya ji labari, da ba mu san haka ba.

Sai dai akwai haɗari, kuma a ƙaramin gari ya fi tsanani. Marubucin Kano zai iya kwafe maƙwabcinsa ya ɓace a cikin miliyoyin mutane. Kai da ke Gwaram, in ka ɗauki mutum sukutum, da sana'arsa da yawan matansa da ɗingishinsa, kafin littafin ya kai shafi na ashirin an kai ƙararka wurin mahaifinka, in ba a yi sa'a ba har gaban alƙali. Kuma su ne da gaskiya. Tona asirin Musulmi ba ya zama halal don an kira shi adabi, giba ce aka yi mata bango. Hanyar da masu sana'ar ke bi ita ce haɗawa, kamar yadda mai miya ba ta yin ta da kuka zalla. Ka ɗauki muryar wannan, ka haɗa da rowar wancan, ka ɗora musu tarihin wani na uku da ya rasu tun kana yaro, ka sauya gari, ka sauya sana'a. Sannan ka zuba wani abu naka, tsoronka ko kwaɗayinka da ba ka so a sani. Wannan na ƙarshen shi ne mafi wuya, kuma galibi shi ke sa mutumin ya yi numfashi. In ka gama, wanda ya fito ba kowa ba ne a garin, amma kowa zai rantse ya san shi.

Ko suna kada a yi wasa da shi. Littattafan waya sun cika da sunayen da ba ka taɓa ji an kira a wurin raɗin suna a ƙasar Dutse ba. Alhali sunayenmu na gida tarihi ne a dunƙule. Ka ce Tanko, an san yayyensa mata ne. Ka ce Delu ko Kande, an san ta biyo maza, wataƙila 'yar lele ce. Ka ce Ajuji, an san uwarsa ta sha binne 'ya'ya kafin shi, kuma an san irin riƙon da za ta yi masa. Kalma ɗaya ta yi maka aikin shafi biyu.

Magana ta ƙarshe ga 'yan'uwa mata take. Namiji marubuci iyakarsa zaure da kasuwa da majalisa. Ku ne ke shiga inda ba ma shiga: ɗakin mai jego, wurin kitso, gidan biki bayan maza sun watse, layin awo a asibitin tarayya na Birnin Kudu inda mace ke faɗa wa wadda ba ta sani ba abin da ba ta taɓa faɗa wa mijinta ba. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labaran da suka fi taɓa mutane su ne waɗanda suka fito daga irin waɗannan wurare, na 'yan gudun hijira da zawarawa da 'yan aikatau. Ungozomar unguwarku, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin kuma ta san wanda aka haifa wata bakwai bayan ɗaurin aure amma ba ta taɓa buɗe baki ba, har yanzu ba a rubuta ta ba.